Harshen Ƙasa a Tabalak

Nomau, ɗan'uwana,
ka dawo daga Abijan da wuri bakwai a aljihu
da teku cike da baki.
Wata uku kana ba mu labarin ruwan da ba shi da ƙetare,
ni kuwa ina ɗinkin takalma a bakin tashar Tawa,
basilla a hannu, zare a haƙori,
ina gyaɗa kai.

Ranar Laraba na rufe akwati.
Na hau motar Abalak, tsakanin buhun albasa da wani rago,
na sauka Tabalak rana tana karkata.

Tankari masunci ya dube ni, ya dubi ƙafata.
Ya ce, cire takalmin, mai takalmi,
inda za mu laka ce ke sarauta.

Akwai wani harshen ƙasa da ya kutsa cikin tafki,
siriri kamar wuyan raƙumi mai shan ruwa.
Hanya ta raka mu kaɗan, ta gaji, ta koma.
Daga nan sai sawun dila,
sai jan layin da wutsiyar guza ta bari,
sai ƙaya ɗaya da ta gaishe ni a diddige
har na ambaci sunan kakata.

Ruwa a dama, ruwa a hagu.
Bagaruwa tsaye cikinsa har ƙugu
kamar mata masu wanki da suka manta da gida.
Can baya, jan dutsen Adar ya yi shiru,
can gaba, tudun rairayi ya durƙusa yana kallon fuskarsa.

Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, bai kula mu ba.
Dinya biyu suka wuce, nauyinsu yana ƙara a iska.
Kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya, suna fito,
sama ta yi duhu, ta sake washewa.
Na fara ƙirga, na kai sittin, na bari.
Tankari ya ce, mai ƙirga tsuntsu bai ga tsuntsu ba.

A ƙarshen harshen, inda ƙasa ta ƙare maganarta,
tarunsa ya kama abin da ba kifi ba:
wata ƴar tsuntsuwa, toka-toka, doguwar ƙafa,
baki kamar basillata.
Ya warware ta zare bayan zare, yana yi mata faɗa a hankali,
ya sa mini ita a tafi.

Nomau, ba ta kai nauyin goro biyu ba.
Zuciyarta tana bugun yatsana kamar mai sallama a ƙofa.
A ƙafarta akwai zoben ƙarfe,
da lambobi, da baƙaƙen da aji ukun lakkwal ɗina suka kasa haɗawa.

Tankari ya ce, ƴar ci-rani ce.
Da sanyi take zuwa, kafin zafi ta tafi.
Ta ƙetare ruwan gishiri, ta ƙetare Tenere,
ba jaka, ba takarda, ba kuɗin mota,
ta zo cin tsutsa a lakar Tabalak.

Na buɗe hannu.
Ta ɗan tsaya, kamar tana tuna wani abu,
sannan ta bi saman ruwa ƙasa-ƙasa
har idona ya sake ta.

Mun kwana nan. Ya gasa karfasa uku, ya ci biyu.
Sauro ya karɓi harajinsa.
Da asuba ruwa ya yi kalar cikin ƙwarya,
wasu raƙuma suka sauko ƙetare, ba mai kora.

Na dawo, ƙafa a kumbure, wando da laka har gwiwa.
Ka tambaye ni, me ka gani a wannan kududdufi?
Ban ce komai ba, na ɗauki basilla.

To ga amsar yau.
Kai ka tsaya a bakin teku, ka tsinci wuri.
Ni na riƙe wadda ta ƙetare ta,
kuma ko sau ɗaya ba ta ba ni labari ba.