Tabarau ɗin Mama Lidiya

Ni ke buga ƙarfe a majami'armu ta Tibiri,
tsohuwar ƙafar mota, rataye a reshen bedi.
Shi ya sa nake riga kowa zuwa,
nake ganin abin da ba kowa ke gani ba.

Daren Asabar jikan Fasto Barmo
ya taka masa tabarau, garin bin ɗan akuya.
Mai gyara yana can Maradi, bakin babbar kasuwa,
kuma sai Litinin za a samu mai zuwa.

Da sassafe na tarar da shi a bencin baya,
Littafi a hannu, ya miƙa shi nesa, ya jawo shi kusa.
Ya ce, "Nomau, baƙaƙen nan sun zama tururuwa."
Ya tashi ya shiga gida, ya daɗe.

Da ya fito, ga shi da tabarau ɗin Mama Lidiya,
ja, irin na mata, an ɗaure ƙafa ɗaya da zare.
Damina biyu ke nan da muka kai ta makwanci.
Ya ɗauko har da Littafinta,
wai nata ya fi manyan baƙaƙe.

Matan zumunta suka rufe baki da gefen zane.
Yara kuwa ba su ɓoye dariya ba.
Ya buɗe Zabura, ya gyara murya,
sai ya yi shiru.

A gefen shafi, da fensir, ga rubutunta:
"Ubangiji, ka tuna wa bawanka
mutane sun bar tuwo a kan wuta."
Ya karanta mana da ƙarfi. Majami'a ta kece,
shi ma yana dariya, gilashin na yin raɓa.

Ƙasa da wannan akwai sunaye a jere:
Talatu mai ƙosai, da ciwon gwiwarta,
Malam Idi maƙwabci, da ya ara mana tsani,
sai ni, "Nomau, ya daina fushi da ƙanensa."
Wannan bai karanta ba.
Bayan an tashi ya nuna mini da yatsa.

Wa'azin ranar bai kai dahuwar shayi ba.

An gyara nasa tun kafin a cire gyaɗa,
yana nan cikin aljihu, bai ƙara sa shi ba.
Ni kuma ran Laraba na hau kabu-kabu
zuwa Madarunfa, gidan ƙanena,
da goro biyar, ban shirya abin da zan ce ba.