Ƙanzon Tukunyar Barira

A hanyar Madarunfa, in ka bar kwalta ka bi yashi,
akwai garke, akwai bukkoki bakwai masu farin labule.
Nan nake tatsa. Sunana Nomau.
Baƙi na zuwa daga Yamai, daga Kano, daga can gaba,
su biya jikkuna don su kwana kusa da kukan shanu,
abin da na gada kyauta.

Da asuba nake kai madara madafa.
Barira ba ta gaisuwa sai ta shinshina ƙwarya.
"Jar akuyar nan ta ci kalgo jiya," in ji ta.
Ta ci kuwa.

Shekara tara ta yi a otal ɗin Yamai,
ta dawo da wuƙaƙe biyar cikin jakar fata
da tabon mai a bayan hannun hagu.
Ba ta auna gishiri da cokali.
Yatsa uku, ta watsa, ta juya baya,
kamar mai shukar da ya san ruwa na tafe.

Tarwaɗa daga tafki, tana motsi har yanzu,
albasar Jiratawa, tumatir mai sauran raɓa.
Cukun da na shanya bisa tabarma
ta fere shi har ana ganin fitila ta cikinsa.
Haƙarƙarin rago ya kwana cikin citta da masoro,
ya wuni bisa garwashin ƙirya.
Ba ta hanzarta shi. Wuta ma, in ji ta, ba ta son tsawa.

Da magariba a kunna fitilu ƙarƙashin gawo,
a shimfiɗa farin ƙyalle, cokula su yi sahu.
Faranti faffaɗa kamar faifai,
abinci a tsakiya, loma uku in an yi sa'a,
ɗigon man gyaɗa kewaye da shi.
Na ce, "Barira, wannan ai rowa ce."
Ta ce, "Kai ciki kake ciyarwa, ni harshe."

Ran Laraba wani dattijo ya zo, mai tabarau,
an ce likita ne, shekara talatin a Turai.
Aka ajiye masa dambun zogale,
an murza ƙuli-ƙuli a kai kamar yayyafi.
Ya ɗauki cokali mai yatsu, ya ɗanɗana,
ya ajiye shi.
Ya naɗe hannun riga, ya sa hannu.
Ba wanda ya yi magana.
Da ya gama ya tambaya ko kukun 'yar Tibiri ce,
don haka kakarsa ke yi, da ɗan tsamin yakuwa a ƙarshe.
Barira na bakin ƙofa tana goge hannu.
Ta ce, "'Yar Safo ce. Amma gulbi ɗaya muka sha."

Dare ya raba, baƙi sun shige gidan sauro,
janareto ya yi tari ya mutu.
Ta cire farar hula ta rataye a ƙusa,
ta jawo tukunyar shinkafa tsakar tabarma,
ni da mai gadi da yaron wanke-wanke.
Ta zuba romo kan ƙanzo ya jiƙa,
muka dinga kankara da cokali ɗaya, yana zagayawa.
Wannan ba ya cikin takardar da ake miƙa wa baƙi,
ba wanda ya raɗa masa suna, balle farashi.

Can bayan shinge saniya ta yi nishi.
Barira ta lashe yatsa, ta yi hamma,
ta ce, "Gobe kada ka bar akuyar nan ta je wajen kalgo."