Babban Yatsa Ya Koma Sahu

Shekara goma sha tara ina tura keke
tsakanin Safa da Marwa:
tsofaffin Indonesiya marasa nauyi kamar kara,
Turkawa masu ƙiba,
wata Bafulatana da ta yi ta kuka har zagaye na bakwai.
Ban taɓa duban ƙafata ba.
Wa ke duban jakin da bai durƙusa ba?

Ashe babban yatsa ya daɗe da barin sahu.
Ya karkata, ya jingina da maƙwabcinsa
kamar mai bin bashi a bakin zaure,
gindinsa ya tsiro ƙullutu, ja, mai sheƙi,
ɓarin goro sak.
Na tsaga gefen takalmi da reza, na buɗe masa taga.
Na shafa man zaitun, na shafa habbatus sauda,
na ɗaure shi da tsumma na kwana.
Ƙashi ba ya jin lallashi.

A Jidda, likita Muntasir, mutumin Sudan,
ya ɗaga hoton ƙashina ga fitila:
"Ya Hajji, ka ga inda hanya ta goce?"
Na ce, feɗe ni za ku yi kamar ragon layya?
Ya yi dariya har tabaransa ya zame.
"Huda uku, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba."

Suka kashe ƙafar daga idon sawu.
Ni kuwa idona biyu, ina ƙirga fitilun rufi,
ɗan injin yana kuka kamar sauro a kunne,
ana yanka ƙashi ana mai da shi gidan ubansa.
Kusoshi biyu suka shiga,
baƙin da za su raka ni har cikin likkafani.
Kafin la'asar na taka ƙasa
cikin baƙin takalmi mai faɗi kamar faranti.

Shara Mansur, hawa na uku, matakala hamsin da huɗu.
Ukasha ya goya ni. Ni da na goya shi jiya-jiya.

Daga nan sai zama.
Ƙafa bisa matashi uku, ta fi zuciya tsawo,
ƙanƙara a leda, Gambo tana ƙirga ƙwayoyi a tafinta
tana harara in na miƙe.
Dare na biyu allura ta sake ni,
na san abin da na saya.
Sati na uku ƙaiƙayi ya zo, wanda ba ya sosuwa.
Ɗantani ya hawo da gahawa da labari:
wane ya gaje mini ƙofa, wane ya sayi sabon keke.
Na sha, ba ta taɓa yi mini ɗaci haka ba.
Kiran salla yana isowa ta taga,
ina amsa shi a kan kujerar roba.

Sati shida, sabon hoto: ƙashi ya kama.
Likita ya ba ni aikin yara,
in tsinci ƙwallon dabino da yatsu daga tabarma.
Jikata Rumasa'u ce alƙali. Ta ci ni tara da biyu.

Ranar Juma'a Ukasha ya kakkaɓe kekena,
ya ce, "Baba, zauna."
Na zauna inda dubbai suka zauna.
Daga nan ba a ganin fuska, sai ƙugu da gwiwa,
sai ƙafafu a kan farin dutse mai sanyi:
masu kaushi, masu faso, masu lalle,
da yatsu karkatattu irin nawa na da, ba iyaka,
kowanne yana ɗauke da mai shi bai ce uffan ba.
Na ce, yaro, sassauta a kwana, zama ma da jijjiga.
Shekara goma sha tara ban sani ba.

Har yanzu da magariba tana kumbura,
takalmin Idi bai shiga ba tukuna.
Amma jiya a zaman tahiya
na kafe shi a ƙasa, a hankali,
ya lanƙwasa, ya ɗan yi ƙara,
ya dubi alƙibla tare da 'yan'uwansa.