Mai Wanke Kwalabe a Maisuru

Shekara tara ina wanke kwalaben Dakta Girija
a ɗakin binciken gwamnati, bene na biyu,
inda fanka ke kukan tsohuwar akuya.
Abin da take nema bai taka kara ya karya ba:
ruwan da za a shafa wa mangwaro
ya kwana ashirin bai ruɓe ba.

Gwaji na ɗari huɗu da sha ɗaya ne ya yi.
Ni na fara sani, don ni ke zubar da ruɓaɓɓu.
Ran nan na ɗaga kwando, ko ƙuda babu.

Sai takarda ta shiga ofis ta miƙe ƙafa.
Damina uku tana jiran sa hannu,
har gara ta ɗanɗani gefen fayil,
mangwaron ƙauyenmu na narkewa a bayan mota
kafin ya kai Bangalor.

Da 'yan kamfani suka zo da lauyoyi biyu
sun tambayi kuɗin lita,
ba su tambayi yatsan da asid ya ci ba.
Ta miƙa littafinta mai tabon shayi
kamar mai ba da ɗa riƙo.
Aka tafa. Na kwashe kofuna.

Jiya na gan shi a kasuwa,
koriyar gora, rufi casa'in.
Na juya ta, na bi har ƙananan rubutu:
babu Girija, balle Manjappa.

Na dai saya. Ƙanena na da bishiya sha biyu.
Mai shago ya ce, "Baba, ka san yadda ake shafawa?"
Na ce ya nuna mini.