Allah Ya Kashe Kasuwata

A bakin Ƙofar Doka nake walda,
rumfa ɗaya, inji ɗaya, yaro ɗaya mai miƙo ƙarfe.
Ba na ƙera ƙofa, ba na ƙera gado.
Keke nake yi mai ƙafa uku,
wanda ake tuƙawa da hannu.
Wanda nake kai ma ni na ƙera shi.

Ina shekara uku zazzaɓi ya sauka gidanmu,
ya kwana biyu, ya yi sammako da ƙafafuna.
Aka ce Inna ce ta sha.
Aka yanka baƙar akuya, aka yi ta turare
har idon mahaifiyata ya kaɗa.
Inna ba ta amayar da abin da ta sha ba.
Tun ran nan da tafin hannu na san Zariya,
zafin kwaltar Tudun Wada da azahar,
taɓon Kwarbai da damina,
silifa a hannu, ba a ƙafa ba.

Ran Asabar Yelwa ta tsaya a rumfata,
goyo a baya, akwatin sanyi a kafaɗa,
alli ya ɓata mata gefen hijabi.
Ta ce, "Tanimu, akwai wani gida a Anguwar Juma,
sau huɗu ina sallama, sau huɗu ana cewa ba kowa,
ga kukan jariri yana fitowa ta zaure."
Na kashe inji.

Malam Sallau ba jahili ba ne.
Ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo ruwa,
sannan ya fara zaro maganarsa:
"Matata na naƙuda, asibiti suka ce in sayo safar hannu.
Zazzaɓin sauro ya ɗauke mini ɗa, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.
Famfon unguwa shekara biyu yana hamma.
Me ya sa ɗigon nan kaɗai ke bin mu har ɗaka,
kuma kyauta?
Ruwa ba ya tsami banza."

Yelwa ba ta ja da shi ba.
Ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Zan rubuta, zan kai,
ban yi alkawarin za a ji ba."
Sai ta kwance goyonta,
ta ɗiga wa 'yarta biyu a baki yana kallo.
Yarinyar ta ɓata fuska, ta haɗiye, ta koma barci.

Ni ba ni da karatu.
Na sauko daga keke, na ja jiki zuwa tabarma,
na zaro igiyar awo daga aljihu.
Na ce, "Malam, ni ɗan kasuwa ne.
In ka ƙi, ni ke da riba.
A fito mini da yaron in auna shi tun yanzu,
tsawon cinya, faɗin ƙugu,
in tanadi ƙarfe kafin ya yi tsada."

Zauren ya yi tsit.
Ya dubi igiyar, ya dubi ƙafafuna
masu kama da sillen kara,
ya daɗe yana murza carbi bai ja ko ɗaya ba.
Bai ce to ba.
Ya ce, "Ku dawo gobe bayan la'asar.
Yaron yana da uwa."

Goben ban samu zuwa ba, sarƙar wani keke ta tsinke.
Dab da magariba Yelwa ta wuce a bayan babur,
ba ta tsaya ba,
ta dai ɗaga mini ƙaramin yatsanta sama,
wanda ake shafa wa yara tawada.

Kowane mai sana'a yana roƙon ciniki.
Ni da asuba nakan ce, Allah Ka kashe kasuwata,
Ka sa tsatsa ta cinye igiyar awona.
Yarona Baƙo ya ji, ya ce, "To ni fa, maigida?"
Na ce, "Miƙo wancan ƙarfen.
Yau taga za ka koya."