Zaren da Ke Ɗanɗana Ruwa

Babana, Rosdi, da harshe yake gwada kogi.
Ya duƙa bakin kejin kifi da asuba,
ya kamfata, ya kurɓa, ya tofar,
ya ce, "Yau lafiya," ko ya yi shiru.
Shirun muke tsoro.

Shekarar da na tafi karatu Johor
harshen ya yaudare shi sau ɗaya tak.
Kifi dubu huɗu suka juya ciki sama,
fari fat, kamar an watsa faranti a ruwa.
Kwana uku yana kwasa da kwando,
bai zagi kowa ba.

Yau ga ni a ɗakin gwaji, hawa na uku,
riƙe da zaren gilashi siriri kamar gashi.
Haske na gudu a cikinsa,
baƙo mai sauri, ba ya gaida kowa.
Aikina in sa shi ya gaisa.
In fere rigar zaren tsawon gaɓar yatsa,
in ja shi a kan wuta har ya rame,
har hasken ya soma leƙo waje.

Sannan girafin.
Siew Fen ta ce ɗan'uwan baƙin fensir ne,
an dai yi ta ɓare shi har ya koma kaurin zarra guda,
saƙar zuma ba zuma.
Ɗigo ɗaya nake sawa, in jira ya bushe.
Zare goma sha bakwai na karya a watan farko.
Na sha takwas, atishawa ce ta kashe shi.

Duk abin da ya biyo ruwa ya gogi wannan fata,
amoniya ce ko dalma,
sai ya maƙale, hasken ya yi tuntuɓe,
koren layi ya gusa a allo
da ɗan abin da ido ba zai rantse a kai ba.

Ran da muka kai shi kogi ana yayyafi.
Baba ya ɗaure akwatin a turke da igiyar nailan.
"Abin nan yana da harshe?"
Na ce, "Yana da, kuma ba ya barci."
"Ya taɓa cin bashi?"
"A'a."
"To bai san ɗaci ba."

Dare na tara, biyu da kwata, wayata ta yi kuka.
Na tashe shi, ya fita da tocila, ba takalmi.
Dodon koɗi ne ya hau zaren ya yi zamansa.
Sati guda yana ba maƙwabta labari,
har da kwaikwayon muryata.

Dare na talatin da ɗaya ta sake kuka.
Na yi jinkirin minti shida, ina jin kunya.
Wannan karon ba dodon koɗi.
Wani a can sama ya buɗe bututunsa cikin duhu.
Suka ja kejin da kwalekwale biyu
zuwa bakin ƙorama, inda ruwan dutse ke shigowa.
Ɗari uku suka mutu.
Minti shidan nan, ban faɗa masa ba.

Har yanzu yana duƙawa da asuba,
ya kamfata, ya kurɓa, ya tofar.
Sai ya goge hannu a zane,
ya juya wa mutane baya,
ya ciro waya.