Wanda Ya Ƙera Shi Ke Fara Hawa

A Yauri, bakin Kwara, ƙarƙashin rumfar kwano mai tsatsa,
na koyi aikin jirgi a hannun Baba Arzika.
Bai iya dogon zance ba.
Da magariba yake wasa gizago,
ya jera zarto da guduma a kan buhu,
ya ƙirga ƙusoshin gobe cikin gwangwanin madara.
"Mai neman kayan aiki da safe," in ji shi,
"ya ba rana rabin ladansa kyauta."

Aikin da ya fi ɗaci shi muke fara haɗiyewa,
tun masu koko ba su sauke tukunya ba:
lanƙwasa katakon ciki, haɗa baki da baki.
Fenti sai la'asar, in ƙarfi ya yi sallama.
Jirgi ɗaya a gabanmu. Ɗaya tak.
Na biyu ya jira a littafi,
tsohon littafin lissafi da bangonsa ya gudu,
inda kowace ranar alkawari take da jan layi a ƙasa.

Mai saye in ya zo, ba a fara masa da farashi.
"Me za ka ɗauka, albasa ko mutane?
Ruwan tsibiri za ka bi ko mashigar Zamare?"
Ranar da Tumba mai kifi ta zo da ciwon gwiwarta,
ya sa ta zauna, ta tashi, ta sake zama,
ya auna da igiya, ya ƙulla.
Ya sauko mata da mataki taƙi guda,
ya buga ƙugiya inda hannun hagunta ke kaiwa,
don da hagu take rataye jaka.
Ni ban ma lura ba.

Sai shekarata ta uku.
Katakon maɗaci ya tsage mini, siriri kamar gashin gira.
Kuɗin sabo ya fi abin da ke aljihuna.
Na dubi gabas, na dubi yamma,
na cika tsagar da kwalta, na bi da shuɗi.
Ya yi kyau har ni na kusa yarda.

Baba ya zo, ya shafa da tafin hannu,
ya tsaya a wurin kamar mai jin zazzaɓin yaro.
Bai ce komai ba.
Ranar saukarwa, mai jirgi na tsaye da 'ya'yansa uku,
sai ya miƙo mini filafili.
"A rumfar nan wanda ya ƙera shi ke fara hawa.
Je ka tsallake. Ɗauki ƙanenka ya taya ka hira."

Na dubi Ɗanjuma, yana murna, ya riga ya tuɓe takalmi.
Na dubi ruwa.
Filafilin ya yi mini nauyin turmi.

Da bakina na faɗa wa mai jirgi,
muryata tana rawa a gaban 'ya'yansa.
Mako biyu muka ƙara masa, Baba ya rage masa kuɗi,
ni na biya katakon da ladan wata huɗu.
Mutumin ya tafi yana faɗa. Na ce shi ke nan, mun rasa shi.

Bara ya dawo, gemu ya yi fari,
da babban ɗansa mai son jirgin kansa.
Baba ya shekara shida a ƙasa.
Ya leƙa rumfa, ya ce, "Ina yaron nan mai kwalta?
Shi nake so ya yi mana."

Na jawo littafi, na ja jan layi.
Yanzu magariba ta yi.
Bari in nemo dutsen washi.